Inda Garma Ba Ta Bi

Goggo Noelene dai bakinta ne ya ja mata. Ita ta ce wa jikarta Tahlia, malamar aji shida a garin Mackay, ranar tunawa da ƙarshen bauta a gonakin rake ta kwaso yaran ajinta, za ta nuna musu kabarin kakanta Tarri. Shi ne aka sato daga tsibirin Tanna yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya sari rake har ƙarfinsa ya ƙare. A zamanin, irinsu ba a kai su maƙabartar gari. Bakin gona ake haƙa musu, a dasa mangwaro a kai.

To, ga yara ashirin sun sauko daga mota, ga Goggo da sandarta, mangwaro kuwa ko alama. Rake ne ko'ina, ya fi mutum tsawo. Rabonta da wurin shekara sittin.

"Kaka, anya nan ne kuwa?" in ji Tahlia ƙasa-ƙasa.

"Ke, rufa mini baki, tunani nake."

Ina tunani! Kuka ne ke neman ƙwace mata. In ta mayar da yaran nan haka, labarin Tarri ya zama tatsuniya ke nan.

Sai ga mai gonar, Dennis Camilleri, a kan tarakta, shi ma tsoho, hularsa ta sha rana.

"Baiwar Allah, satar rake kika zo da wannan runduna?"

"Mu da muka shuka muku shi? Mangwaro nake nema, malam."

Ya kashe inji, ya daɗe yana kallonta. "Guguwa ta kayar da shi tun ina yaro. Amma ku biyo ni."

Ya ratsa da su cikin raken har wani ɗan fili, bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, ciyawarsa a aske tas.

"Babana ya ce kada garma ta taɓa nan. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Shekara arba'in ina kewaye shi, ina zagi a raina."

Goggo ta tuɓe takalmi. Kakanta da ke kwance a ƙasan wurin ta fara gaisarwa, ta faɗa masa sunanta da na uwarta, kamar yadda ake yi. Sannan ta kama hannun Dennis da hannu biyu.

"Allah ya jiƙan babanka. Kai kuma zagin, mun yafe."

Ta juya wajen yaran. "Ku zauna. Kowa ya faɗa masa sunansa, da ƙarfi. Ya daɗe bai ji muryar yara ba."