Tawul a Wuyan A-Hong

Da sunan Allah Mai rahama, wanda Ya halicci wuta Ya sanya mata iyaka. Muna neman tsarinSa daga zafinta.

Tsai Bi-lian, mai sayar da taliya a garin Yanshui, tana naɗa wa ɗanta A-Hong jiƙaƙƙen tawul a wuya, tana cusa bakin tawul ɗin ƙarƙashin hular kwano.

"Mama, za ki shaƙe ni! Shekarata talatin fa."

"Rufe min baki, ɗan birni. Ta wannan 'yar kafar wuta ta shiga hular ubanka, ta cinye masa ido."

A daren bikin fitilu mutanen garin sukan tsaya a gaban amya, wato katon akwatin da aka cika da dubban kibiyoyin wuta, a harba su cikin jama'a. Kowa da hular kwano da rigar auduga mai kauri, domin leda narkewa take a jiki. Bi-lian ta daina zuwa tun rasuwar mijinta. Amma da A-Hong ya shige taro sai ta kasa zama. Ta bar kwanukan da take wankewa, ta fizgi hula da tawul, ta bi shi.

Aka yaye murfin amya. Ƙara ta tashi kamar sama ta tsage, kibiyoyi suka yi ta dukanta a ƙafa da kafaɗa. Cikin hayaƙi kowa kamar kowa yake. Ta kira sunansa, hularta ta haɗiye muryar.

Sai ta hangi wani ya durƙushe, wuyansa a buɗe, hayaƙi na fita daga cikin hularsa. Baƙar hula, irin ta ɗanta. Da rarrafe ta isa gare shi, ta cire masa hular.

Ba shi ba ne. Wani baƙo ne, kunnensa na jini.

Ba ta gama numfasawa ba ta ji ana dukan bayanta da ƙarfi, kamar yadda ake yi wa wanda wuta ta kama. Aka tsinke igiyar ƙugunta, aka jefar da wani abu yana ci da wuta yana ɗiga. Rigar ledar wanke-wankenta ce, wadda ta manta ba ta cire ba.

"Mama! Da leda kika shigo? Ke?"

A-Hong ne, tafukansa sun ƙone ta cikin safar hannu. Bi-lian ta kai hannu wuyansa, ta ji tawul yana nan yadda ta naɗa shi. Ta ƙara cusa bakin tawul ɗin ƙarƙashin hularsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare mai karatu da iyalinsa daga wutar duniya da ta lahira. Amin.