Noti na Shida

Sau biyu Uwata tana faɗuwa jarrabawar sinadarai a makarantar koyon jinya. 'Yata ce ta fari, sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake kiranta haka. A makarantarsu, wanda ya faɗi sau uku sai ya tattara kayansa. Saura kwana biyu a yi ta ukun.

Da hantsi na same ta ta kifa kai a kan littafi.

"Baba, na gaji. Zoben sukarin nan, duk na haddace sai ya zube."

Ta nuna mini zane biyu. A na farko ƙwayoyi shida ne a jere kamar sarƙa, wai kabon ake ce musu. A na biyu sarƙar ta lanƙwashe ta zama zobe. Ni mai walda ne, karatuna bai wuce firamare ba, amma rufe sarƙa ai shekara ashirin ina yi.

Na tafi shago, bayana yana ciwo. Na jingine ƙofar da ake jira, na tsinci noti shida, na jera su a waya, na haɗa kai da wutsiya, na ɗiga walda. Na goge shi da garanda har ya yi sumul.

Da yamma na ajiye mata shi a kan tebur. Ta juya shi, ta sake juyawa, sai ta yi 'yar dariya ta gajiya.

"Baba, ka haɗa na ɗaya da na shida."

"To, da yaya ake rufe sarƙa?"

"Sukari ba haka yake yi ba. Na biyar yana riƙe da oksijin, shi ke miƙawa ya kama na ɗaya. Kabon biyar da oksijin ɗaya, su ne zoben. Na shidan a waje yake rataye."

"Na ga wani abu ya leƙo a zanen, na ɗauka mai buga littafin ne ya yi kuskure. Mu ba ma barin tsini, riga yake yagawa."

"Kuma ka liƙe shi har abada! A cikin ruwa buɗewa yake yana sake rufewa. Ƙugiya za ka sa, Baba."

Kunya ta kama ni, ga wuni ya tafi a banza. Ina miƙa hannu in ɗauke abina, sai na lura littafin a rufe yake, ta ɗora gwiwar hannu a kansa. Duk bayanin nan da ka ta yi shi. Na ɗauke abina a hankali, kada ta ruɗe.

Washegari na yanke zoben. Na sa jan zoben roba a jikin na biyar a madadin oksijin, na yi ƙugiya a na ɗaya, na bar na shida yana lilo, duk da hannuna yana ƙaiƙayin datse shi.

Ranar jarrabawa ba a shiga da komai, don haka ta bar mini zoben. Na zauna a shago ina buɗewa ina rufewa, mai ƙofa ya zo ya yi faɗansa ya tafi.

Da la'asar ta dawo, ta zauna a kan benci, ta cire takalma.

"Zoben ya fito a jarrabawar?" na tambaye ta.

"Ya fito. Ina tuna naka na farko, sai na zana akasinsa."

Sakamako sai bayan mako uku. Na rataye zoben a ƙusa, na jawo ƙofar mutane na ci gaba da aiki.