Furen Ƙarƙashin Taga

A gidanmu ba a shuka da ruwan fari, wato ruwan farkon damina. Haka mahaifinmu ya tarar, haka kuma ya bar mana: ruwan fari fuskar ƙasa kawai yake jiƙawa, rana ta biyo baya ta ƙone tsiro. Sai bishiyar lemon da ke jikin katanga ta yi fure, sannan a buɗe gwangwanayen iri. Ƙanena, wanda ya gaji lambun, ya riƙe wannan ƙa'ida fiye da kowa, kuma tumatir da karas ɗinsa ba su taɓa ba shi kunya a kasuwa ba.

Matarsa tela ce. Rabonta a lambun ɗan fili ne ƙarƙashin tagar ɗakinta, inda ake shuka mata wani fure mai ruwan ɗorawa da ta zo da irinsa daga gidan iyayenta. A shekarar da ciwo ya kwantar da ita, an janye keken ɗinkin aka sa gadonta a gurbinsa, kusa da tagar. Na je gaishe ta ranar da ruwan fari ya sauka.

"Maigida, ka ji ƙamshin ƙasa?" ta ce da ƙanena. "Gobe ka shuka mini furen nan."

"Lemo bai yi fure ba tukuna."

"Alƙalin lambu! Tsakanina da lemon nan, wa ka aura?"

Muka yi dariya, ita ma ta yi, har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta dube ni. "Yaya, sa baki mana. So nake in gan shi da idona."

Na tuna mata cewa a zamanin mahaifinmu an taɓa yin gaggawa, aka yi asarar irin shekara guda. Irin furenta kuwa bai cika tafin hannu ba.

"Ki ƙara haƙuri," in ji ƙanena. "In na shuka yanzu, mutuwa zai yi."

"To," ta ce, ta mai da fuskarta ga taga. "Shi kam kada ya mutu."

Lemon ya yi jinkiri a shekarar. Kowace safiya ƙanena yakan bi rassansa da ido kamar mai neman ɓataccen abu. Ranar da ya ga fure, ya ajiye irin tumatir ya fara da nata, abin da ba a taɓa yi ba a gidanmu. Tsiro ya fito lafiya. Ita kuwa ta daina iya tashi zaune, sai ta tambayi 'yarsu.

"Ya kai ina?"

"Ya kai gwiwa, Mama. Har ya fara fitar da kai."

Ta rasu kawunan furen suna dunƙule. Ba a gama karɓar gaisuwa ba suka buɗe, cike fal, irin kyan da ba su taɓa yi ba. Wani maƙwabci ya tsaya ya ce, "Kai dai ka san lokacin shuka." Ƙanena ya shiga ɗakin ya rufe tagar.

Da shekara ta zagayo, ruwan fari ya sauka, na tarar da shi durƙushe ƙarƙashin tagar, gwangwanin irin furenta a buɗe.

"Lemo bai yi fure ba," na ce.

"Na gani, Yaya."

Ya zuba irin duka, bai rage ko ƙwaya ba. Rana ta biyo baya, kamar yadda mahaifinmu ya faɗa, tsiron ya ƙone. Har yau da safe nan yake fara kai ruwa, kafin ya wuce wurin tumatir.