Kiran Wobehu a Ƙofar Mai Naƙuda

Ba ni na raɗa wa karen suna ba. Marigayiya yayata Oforiwa ce, a shekarar da suka yi rigima da maƙwabcinta kan iyakar fili. A wajenmu idan kana da maganar da ba za ka iya gaya wa mutum ido da ido ba, sai ka sa wa karenka ita, kullum ka tsaya a tsakar gida kana kira. Ita kuwa ta sa masa Wobehu, wato "za ka gani" a yarenmu. Da ta rasu na gaji karen har da sunansa. Shekara huɗu ina kiransa safe da yamma, har kunnena ya daina jin ma'anar kalmar.

Bayan na yi ritaya daga koyarwa, gwiwa ta hana ni hawa tuddan garinmu Aburi da ƙafa, sai 'ya'yana suka kawo mini keke mai batir, da kwando a gaba inda Wobehu yake zama. Duk Asabar da safe muna fita shan iska ni da Adobea, ƙanwar matata. Ita ƙaramin babur ne da ita, shi ma mai batir, karyarta Sika tana tsayawa a wajen ajiye ƙafa, kunnuwa na kaɗawa.

"Akonta," in ji ta ranar, haka take kirana saboda surukuta, "keken nan naka tafiya yake yi ko tunani?"

"Ki wuce mana. Asibiti yana gaba, ki gaishe su."

"Ka dai ɗaure wannan ɗan naka. Ga igiya tana lilo a banza."

"Wobehu? Ya fi 'yan aji shida natsuwa."

Muka bar kwalta muka bi wata hanyar jar ƙasa da ba mu taɓa bi ba, tsakanin gonakin koko da ayaba. Gangara ce mai daɗi, ba ka jin komai sai tayoyi a kan tsakuwa. A wata kwana kaza ta gilma da 'ya'yanta. Kwandon ya yi girgiza, na duba, babu kare. Na hango wutsiyarsa tana shigewa ta ƙarƙashin shingen wani gida, gida ɗaya tilo a bakin gonar.

Na jingine keken na nufi shingen. Ni da na shekara talatin ina koya wa yara su yi sallama kafin su leƙa gidan mutane, ban yi ba. Na kama shingen na ɗaga murya.

"Wobehu! Wobehu!"

Shiru. Na ƙara, da ƙarfi, cikin muryar da nake tsawata wa aji.

"Wobehu! Na ce Wobehu!"

Sai a lokacin na ga mutanen. Mata uku ne zaune a ƙasa a ƙofar wani ɗaki, sun juyo suna kallona, baki buɗe. Ɗaya ta ɗora hannu biyu a ka. Daga cikin ɗakin wata mace ta yi nishi mai tsawo, irin wanda ko namiji ya ji ya san na naƙuda ne, kuma ya san an daɗe ana yi.

Wani mutum ya fito daga bayan ɗakin girki. Hannunsa na hagu ya shaƙo Wobehu ta wuya, ƙafafun karen na harbin iska. A hannun dama adda ce. Idanunsa jajir, da gani bai runtsa ba.

"Ni zan gani?" ya ce a hankali. "Me zan gani?"

"Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, sunan..."

"Matata tun jiya take ɗakin nan. Motar da muka aika a kira ba ta zo ba. Sai kai ka zo. Wa ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni. Yawon shan iska muke yi."

"Shan iska." Ya juya ga matan. "Kun ji zuwansu? Akwai wadda ta ji ƙarar inji? Ko takun ƙafa?"

Suka girgiza kai. Ɗaya ta matsa baya tana kallon kekena kamar maciji.

"Kun zo babu sauti, kun turo baƙin kare cikin gidana, ka tsaya a shingena sau huɗu kana ce mini zan gani."

Adobea ta iso bayana, ta rungume Sika a ƙirji. Yau babu zolaya a bakinta. "Wofa, kawuna, wallahi ticha ne. Sunan karen ke nan. Abin hawan kuma batir ne, kamar na waya."

"Ke yi mini shiru." Ya danna Wobehu a ƙasa, ya taka igiyar wuyansa. "Abin da aka aiko shi da shi, a nan zai tsaya. Jininsa ya wanke."

Ya ɗaga addar. Na ƙanƙame shingen.

"Ayisi."

Wata tsohuwa ce a ƙofar ɗakin, hannayenta jiƙe har gwiwar hannu, zani ɗaure a ƙirji. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ba a zubar da jini a ƙofar mai naƙuda. Sauke." Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kai, ka ce sunansa ne?"

"Sunansa ne, Nana. Yayata ce ta sa masa, saboda maƙwabcinta. Ba ku ba."

"Kakata ma ta yi kare mai suna irin wannan. To, kare ya san sunansa. Ka kira shi, sau biyu kacal. In ya zo, naka ne. In bai zo ba, ba kare kake kira ba, kuma ɗana Ayisi zai kai shi bayan gona ya yanka."

Na ja numfashi zan kira, ta ɗaga hannu.

"Ba kana fuskantar ɗakin nan ba. Kalmar nan ta ishe mu. Juya ka dubi daji."

Na dubi addar. Na dubi Wobehu, ya lafe a ƙasa, ya yi fitsari a jikinsa, idonsa ba ya kaina ma. Na juya. Ban taɓa sanin bayan mutum yana da faɗi haka ba. Gabana itatuwan koko ne kawai, da kekena a jingine.

"Ɗaga ƙafarka, Ayisi," in ji tsohuwar.

"Wobehu," na ce.

Muryar da ta fito ba tawa ba ce, wata siririya ce mai karkarwa. Na saurara. Babu takun ƙafa. Matar ta sake nishi a ɗaki. Sai na ji bakin addar ya goga dutse, ƙiii, a hankali.

"Kun gani," in ji Ayisi.

"Akonta," Adobea ta raɗa, "don Allah."

"Saura ɗaya," in ji tsohuwar.

Gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, na lanƙwasa ta, na durƙusa a jar ƙasa. Na rufe ido. Na ce wa kaina ina bayan gidana ne da yamma, kwano a hannu, da ragowar dokunu, tuwon masararmu, da kan kifi. Na buga cinyata sau biyu kamar yadda nake yi.

"Wobehu. Zo mana, yaro."

Na miƙa hannu baya, na jira. Sannan wani abu ya ja jiki ta ƙarƙashin shingen. Hanci mai sanyi ya taɓa tafin hannuna.

Ban tashi ba sai da tsohuwar ta zagayo ta miƙo mini ruwa a ƙoƙo.

"Kurkure bakinka. Ka tofar can, nesa da gidan. Sau uku."

Na yi. Ta karɓi ƙoƙon ta kife shi a ƙasa.

"Ku tafi. Kada ka kira shi sai kun hau kwalta. Kuma ka yi addu'a a hanya, ticha, don in abin nan ya ɓaci, ni ba zan iya riƙe ɗana sau biyu ba."

Na sa Wobehu a kwando, na ɗaure igiyar ƙulli biyu. Muka fara hawan tudun. Adobea ba ta wuce ni ba, tana gefena.

Mun kusa kwanar hanya ta biyu sai ihun mata ya tashi a bayanmu, dukansu a lokaci guda. Daga wannan nisa ba a bambance guɗa da kururuwa.

"Akonta, wannan na mene ne?"

"Ban sani ba."

"Mu tsaya mu ji?"

Na ɗora hannu ɗaya a bayan karen. Zuciyarsa tana bugawa a tafina da sauri kamar ta tsuntsu. Na ƙure wa keken gudu, ban tsaya ba.