Muciyar Hajiya Yelwa

Tun ranar da na ga takalman wasan Fauziya sun fara fumfuna a bayan ƙofa na san akwai magana. Fauziya 'yar wana ce, ni na raine ta. Kaf New Bell babu wanda bai san yarinyar da ke buga ƙwallon hannu ba, wadda in ta saki jifa da dama mai tsaron raga sai ta yi salati. Ga shi ranar Asabar za a zaɓi waɗanda za su shiga ƙungiyar manya, abin da take ta mafarkinsa, amma ta ƙunshe a ɗaki cikin zumbulelen hijabi, a wannan zafi na Douala.

Na tsare ta da tambaya har ta fashe da kuka.

"Gwaggo Raliya, ƙirjina ba daidai yake ba. Na dama ya fi na hagu. A rigar wasa kowa zai gani. J'ai peur, tsoro nake ji, kar a ce ciwon daji ne."

Na rungume ta ina lallashi. Ashe kuma mahaifiyata, Hajiya Yelwa, tana tsakar gida kunnenta na kanmu. Tsohuwar nan in ka kira ta sallah ba ta ji, amma raɗa ko ta bayan bango ce ba ta wuce ta.

"Na faɗa muku ƙwallon nan zai lalata yarinya!" in ji ta. Ta zaro muciyarta daga tukunya ta kara a bakin wuta. "A gasa wannan a danne mai girman, su daidaita. Haka maƙwabtanmu ke yi wa 'ya'yansu tun muna amare."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san matan da aka yi wa wannan aika-aika, har yau da tabo da ciwo suke rayuwa, wata ma da ta haihu shayarwa ta gagare ta.

"Hajiya, wallahi muciyar nan ba za ta taɓa ta ba."

"To ki gyara ta da Faransancinki," ta ce, ta juya mini baya.

Na ja Fauziya muka hau babur zuwa unguwar Akwa, wajen wata likitar mata. Ta duba ta a tsanake, ta yi tambayoyi, sannan ta ce babu ƙullutu, babu ciwo. Yawancin mata, in ji ta, ɓangarorin biyu ba sa zuwa daidai, kuma mai jifa da hannu ɗaya kullum naman da ke ƙarƙashin wannan gefen yakan fi cika. Ta ce a samo mata rigar mama ta 'yan wasa mai riƙewa sosai, ta riƙa motsa hannun hagu a atisaye, in kuwa ta taɓa jin ƙullutu ko ciwo ta dawo maza. Fauziya ta sauke ajiyar zuciya, amma a hanya ta ce da ni, "Kaka ba za ta yarda ba. Ta ce in ban bari an gasa ba, ba ni ba fili."

Gaskiyarta ce. Mun tarar da Hajiya tana tuƙa tuwo, ta naɗe hannun riga har kafaɗa. Na karanto mata bayanin likita, ta taɓe baki. Ina shirin ɗaga murya sai idona ya sauka a kan damtsenta. Matar nan tun kafin a haife ni take tuƙa tuwon sayarwa a unguwar nan, kuma da hannu ɗaya.

"Hajiya, miƙo hannuwanki duka biyu."

Ta miƙo tana harara ta. Na dama ya yi kusan biyun na hagu, har kafaɗar ta fi tudu.

"To, da wa za mu fara gashin, ke ko jikarki?"

Ta dubi wannan, ta dubi wancan, kamar yau aka ba ta su. Fauziya ta toshe baki. Can sai tsohuwa ta kece da dariya har da hawaye.

"Ja'ira! Ashe ni ma a karkace nake yawo, ba wanda ya gaya mini."

Ta mayar da muciyar cikin tukunya ta ci gaba da tuƙinta.

Ranar Asabar na tafi fili, kuma ga mamakina Hajiya ta yafa mayafi ta biyo ni, tana mitar rana da kujerun siminti. Fauziya ta fito cikin rigar wasa da ɗan hijabinta, kafaɗa a miƙe. Da ƙwallo ya zo hannunta ta yi tsalle ta sake shi, raga ta girgiza. Daɗi ya kama ni, na shiga tafa mata.

Hajiya kuwa ta miƙe, ta zungure matar da ke kusa da ita, wadda ko Hausa ba ta ji, ta ɗaga mata damtsenta na dama.

"Kin ga hannun can? Nawa ne ta gado."