Gwangwanin Madara a Bayan Metal

Shekara shida ke nan Rabe bakanike yana jin ƙwanƙwasa a kunnensa na hagu. Kamar wani ne ke buga ƙofar langa-langa da ɗan yatsa daga ƙarshen unguwa, ƙwas, ƙwas, ya huta, ya sake. Mutanen Batsari suka ce tsufa ne, wasu suka ce iska. Shi kuwa ya san muryar. Kukan injin da metal ɗinsa ya cinye ne, wato ƙarafan nan masu kama da rabin zobe da ke rungume da karanshaf, sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji.

Ran da abokinsa Armaya'u direba ya kawo motarsa tana wannan kuka, Rabe ya ce sai an kai karanshaf Katsina an goge, a sa metal mai kauri. Armaya'u ya ce fasinja na jira. Sai Rabe ya yanko gwangwanin madara siriri, ya cusa bayan metal na uku don ya cike giɓin. Bayan kwana tara aka tsinci motar a hanyar Tsaskiya, ƙofofi a buɗe, takalmi ɗaya a ƙasa. Masu bindiga sun wuce da Armaya'u daji, bai dawo ba. Abin da ya tsayar da shi a wurin, Rabe bai taɓa iya tambaya ba.

Wata rana da hantsi sai ga motar an jawo ta da igiya, gashin kaji cike da kujerar baya. Ƙanen Armaya'u, Malam Mannir mai koyarwa a Safana, ya yi sallama, suka daɗe suna gaisawa.

"Yaya Rabe, ga tsohuwar motar abokinka. Ko ka tashe ta, ko kaji su ci gado."

Rabe bai yi dariya ba. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya sauke kaskon baƙin mai. Metal na ɗaya lafiya, na biyu lafiya. Na uku ya ƙone ya yi shuɗi, gwangwanin ya zame ya toshe ramin da mai ke bi. Har yanzu ana ganin jan fentin jikinsa. Ga daron baƙin mai kusa da gwiwar hannunsa. Da ya saki gwangwanin a ciki, da magana ta mutu.

Ya fito, ya ɗora shi a tafin Mannir.

"Malam, ni na sa wannan. Shi ya tsayar da yayanka."

Mannir ya juya ƙarfen sau biyu. "Ya bugo mini waya daga wurin. Ya ce inji ya buga. Ya ce, kada ka gaya wa Rabe, sai ya ishe ni da ai-na-faɗa-maka. Yana cikin dariya wayar ta yanke."

"Shekara shida kana riƙe da wannan?"

"Shi ya hana. Amma ban san da gwangwani ba." Ya sa gwangwanin a aljihu. "Gyara ta, Yaya. Yadda ka ce masa tun farko."

Aka kai karanshaf Katsina aka goge. Rabe ya shimfiɗa koren zaren awo, siriri kamar gashin masara, a kan ƙarfen, ya ɗaure metal, ya kwance, ya gwada faɗin da zaren ya baje da layukan takardarsa. Metal ɗin da ya fara gwadawa ya bar giɓi da yawa, ya mayar da shi cikin kwali. Wanda ya fi shi kauri ya bar hanyar mai daidai. Metal na uku, inda gwangwanin ya zauna, sau uku ya auna shi.

Da aka tashi motar, inji ya ɗauka sumul. Mannir ya ce ko keken ɗinki sai haka.

Rabe ya kara kunnen hagu a jikin motar.

"Ba ka ji komai ba, Malam?"

"Ko kaɗan."

Rabe ya gyaɗa kai, ya rufe murfin inji. Ƙwanƙwasar tana nan, sai dai ta ja baya, ta koma can wajen Tsaskiya.