Altanetar da ta sha fenti

Iya, mahaifiyarmu, ta shekara arba'in tana taka hanyar ƙauyenmu, can gaba da Fadan Kagoma, da buhun citta a ka. Abu ɗaya ta roƙe mu a gadon asibiti a Kafanchan: ranar da ta mutu, a shigar da ita gida a mota. Ta rasu a daminar 1991, lokacin da ba abin da ke iya wannan hanya sai tsohuwar jif ɗin ikilisiya, wadda ni Yafet nake tuƙawa.

Ana gobe jana'iza altanetar jif ɗin ta mutu, wato abin da ke yi wa batir caji. Yayana Celestine, wanda ya sauko daga Legas da takalmi mai tsini, ya ce shi zai zaɓo wata. Ya ɗauki matacciyar altanetar ya kai wa wani mai kayan gyara don a gwada girma. Mutumin ya ce ya dawo bayan awa biyu.

Ni kuwa na je wurin Malam Jamiluddeen mai gyaran wayar mota. Ya jawo wata daga ƙarƙashin benci, baƙa ƙirin da maiƙo.

"Daga jif irin taku na cire ta," in ji shi. "Muni gare ta, amma tana caji."

Sai ga Celestine da tasa a kwali, tana walƙiya kamar sabon kwano. Ya dubi ta Malam ya yatsine fuska.

"Wannan dati za ka sa a motan da zai ɗauki mamana? Ga brandi niyu!"

Malam ya shinshina ta Celestine ɗin, ya ce yana jin warin fenti. Ya ce a ɗaura ta, a ta da mota, a cire kan batir. In injin ya mutu, ba ta caji. Minti biyar ne.

"Yaya, bari a gwada mana," na ce.

"Ba taim. Kai direba ne, ka yi tuƙi."

Na ɗaura tasa ba tare da gwaji ba, kuma har gobe ina jin ƙyamar wannan biyayyar tawa. 'Yar jar fitilar caji ta gaban direba da za ta tona asiri kuwa ta ƙone tun bara.

Washegari muka ɗauko Iya. Ruwa ya tsuge, na kunna waifa da fitilu. Mun haye rafi, saura kilomita huɗu, injin ya yi tari biyu ya mutu. Na murɗa makulli, ko ƙis. Batir ya ƙare kaf.

Na buɗe bonet. Zafi ya sa fentin ya kumbura yana ɓarewa. Na kankare da farce, sai ga walda a kunnen altanetar, karkatacciya, wadda ni da kaina na kai aka yi shekara biyu da suka wuce. Tamu ce. Matacciyarmu aka wanke da fetur, aka fesa mata fenti, yayana ya rungumo ta a kwali yana taƙama.

Na nuna masa. Ya ce ai sai ya kai mutumin kotu. Tir! Yana faɗa yana ɗage ƙafa kada laka ta taɓa masa takalmi.

Matan zumunta da suka gaji da jira a coci suka biyo hanya suka same mu. Suka naɗa gammo da ɗankwalayensu suka miƙa mana, mu shida muka ɗauki akwatin a ka, su suna waƙa a baya.

Wani tsoho a bakin ƙauye ya tambaya ina motar. Na ce tana rafi.

Iya ba ta da nauyi ko kaɗan, ko buhun citta ba ta kai ba. Na riƙa jin akwatin yana girgiza bisa kaina duk taku ɗaya, har ƙofar coci.